Tsakuwar matsarmama, ciwon ciki da abincin da ba ya karɓar mutum: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su mutane suka fi yi da zarar an miƙo musu takardar sikanin an ce an ga tsakuwa a matsarmama, musamman waɗanda dama can sun daɗe suna fama da ciki suna ta shan maganin olsa ba sauƙi. Ba za su ɗauke maka zuwa wajen likitan da zai sa hannu ya taɓa cikinka ba, amma dai ka je masa ka san abin da za ka faɗa.

Wai ita matsarmamar nan a ina take, mene ne aikinta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ganta, 'yar jakar nan kore-kore da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda mahauci ke lallaɓawa ya yanke ya yar don in ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. Wasu maɗaciya suke ce mata. Ta mutum ma a nan take, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ba ita ke haɗa ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yinsa wajen rabin lita zuwa lita ɗaya a rana, ita ajiya kawai take yi tana kaurara shi, abin da take ɗauka bai fi mililita 50 ba. Da ka ci abu mai maiƙo ya sauka hanji sai jiki ya ba ta sigina ta matse, ruwan ya bi wata siririyar hanya ya gangara ya narka kitsen.

Malam ko tsakuwar da muke haɗiya a shinkafa da wake ce take taruwa?

A'a, ko kusa. Abinci ba ya shiga matsarmama sam, tsakuwar shinkafa in ba ta fasa maka haƙori ba wucewa take yi ta fita a bayan gida. Wannan a cikin ruwan ɗacin take haɗuwa, in kolestarol, wani nau'in kitse, ya yi masa yawa ko jakar ba ta juyewa sosai sai ya daskare a hankali a hankali. Akwai kuma baƙa, wadda ke fitowa daga bilirubin, wato abin da ke saura in jajayen ƙwayoyin jini sun mutu. Wata kamar ƙwayar gero take, wata ta kai santimita 4 ko 5. Kuma ba ruwanta da tsakuwar ƙoda, waccan harkar fitsari ce, shi ya sa shan ruwa da yawa ba ya wanke wannan.

Su wa ta fi kamawa?

Mata sun fi maza, sai wanda ya haura 40, masu ƙiba, macen da ta yi haihuwa da yawa, masu ciwon suga, wanda ake da ita a danginsu, da wanda ya zabge ƙiba farat ɗaya. A Turai da Amurka mutum 10 zuwa 15 cikin manya 100 suna da ita, a Afirka kudu da Sahara ba ta kai haka ba. Sai masu sikila, su tambayarsu daban ce tana ƙasa.

Kullum cikina a kumbure, ga gyatsa ga ƙwannafi, na je sikanin an ga tsakuwa. Ita ce ke damuna kenan ko?

Hajiya a nan fa ake yawan yin tuntuɓe, kuma ba marasa lafiya kaɗai ba har da mu masu duba su. A cikin mutum 10 masu tsakuwa kusan 8 ba su ma san da ita ba, tana nan zaune shekara da shekaru ba ta ce musu uffan ba, sai an je sikanin na wani abu daban, na juna biyu ko na ƙoda, a yi kiciɓis da ita. Shi kuwa kumburin ciki da gyatsa da jin abinci ya tokare a ƙirji, ki shiga kowane gida a layinku ki tambaya sai kin samu mai shi. To abu biyu in duk sun yi yawa a gari dole wataran su haɗu a jikin mutum ɗaya, ba don wannan ne ya jawo wancan ba.

An gwada wannan tun a shekarun 1980 a wani gari a Italiya mai suna Sirmione, aka bi mutanen gari da na'urar sikanin, masu ciwo da marasa ciwo, aka kuma tambaye su abin da ke damunsu. Irin su kumburi da gyatsa da rashin narkewar abinci, yadda suke a masu tsakuwa haka suke a marasa ita. Abin da ya bambanta su shi ne wani ciwo takamaimai, wanda zan kwatanta yanzu.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, mutum zai sayar da kadara a yi masa aiki da tunanin kumburin zai tafi, a cire matsarmama lafiya lau, bayan wata biyu ga shi nan yana gyatsa kamar da, sai ya ce likita bai iya ba. Likita ya iya, ba ita ce mai laifin ba tun farko. A ƙasar Holan an yi wani babban gwaji da aka wallafa a 2019 a kan mutum sama da 1,000 masu tsakuwa da ciwon ciki, yawancinsu an cire musu matsarmamar, amma da shekara ta zagayo kusan 4 cikin 10 ba su rabu da ciwo ba. Wannan a ƙasar da ba a rasa kayan aiki ba fa.

To shi ciwon tsakuwar na gaskiya yaya yake?

Wanda ya taɓa yinsa ba ya mantawa, har ranar da lokacin zai gaya maka. Yana kamawa ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuci, ya hau cikin 'yan mintuna ya tsaya cak da ƙarfinsa, ba irin murɗar nan mai zuwa tana saki ba, sau da yawa ya zaga baya ko ya harba allon kafaɗar dama. Mutum ya kasa zaune ya kasa kwance, gumi, tashin zuciya, wani har amai. Yana ɗaukar rabin awa zuwa awa huɗu ko biyar sannan ya lafa, kuma yana son dare, ya tashe ka daga barci bayan an ci mai nauyi. Fitar da iska ko shiga bayi ba ya rage shi, Gestid ma ba ya taɓa shi. Sannan in ya tafi ya tafi, sai a yi makonni ko watanni lafiya ƙalau kafin ya dawo. Abin da ke faruwa shi ne jakar ta matse tsakuwa ta toshe bakinta, tana turawa ba hanya, sai tsakuwar ta koma baya ake samun sauƙi.

Ciwon da ke nan kullum safe da yamma sama-sama, ko mai minti biyu ya wuce, ko wanda ke ƙasan cibiya, da wuya ya zama na tsakuwa.

Amma ni da na ci soyayye ko nama mai kitse sai cikina ya ɓaci, ai wannan shaida ce?

Rabin shaida dai, Alhaji. Gaskiya ne maiƙo ke sa matsarmama matsewa, don haka tozo da ganda da kazar da ta sha mai suna iya tayar da ciwon ga mai tsakuwa. Amma maiƙo yana damun mutane da yawa da ba su da ko ɗaya, saboda yana daɗewa a tumbi bai sauka ba, kuma yana sassauta bakin tumbin ta sama ruwan tsami ya taso ya zama ƙwannafi. Tambayar ita ce me kake ji bayan ka ci. In nauyi ne da cika da gyatsa, wannan tumbi ne. In ciwon nan ne na gefen dama mai hana zama, to a nan za a kalli tsakuwa. Kuma akwai masu tsakuwar da ciwon ke kama su ba su ci komai mai maiƙo ba.

Madara fa? In na sha shayi mai kauri sai ƙugin ciki da zawo.

Wannan ya fi kama da rashin narkar da sukarin madara, laktos, ba ruwansa da matsarmama. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya abin da ke narka shi a hanji yana raguwa bayan yaye, don haka ba wata cuta ba ce. Tun 1971 aka yi bincike a Najeriya aka ga Fulani makiyaya yawancinsu suna narka shi har girma, Yarabawa da Ibo kusan babu, Hausawa ma mafi yawa ba sa narka shi sosai. Alamarsa ƙugi, iska, murɗa a wajen cibiya, zawo, daga rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha. Nono da kindirmo da yogot sun fi sauƙi tunda tsami ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin, shi ya sa mutum zai sha fura da nono lafiya amma madarar gari cokali huɗu a shayi ta hana shi sakat. Gwajin ba ya cin ko sisi, ka bar madara sati biyu ka gani, sannan ka dawo da ita ka sake gani. Yawanci ma ba sai an daina gaba ɗaya ba, kaɗan tare da abinci tana zama.

Wake, albasa, kabeji, burodi, duk suna kumbura ni.

Waɗannan suna da wasu nau'in sukari da hanji ba ya tsotsewa duka, sai ƙwayoyin da ke babban hanji su ci su saki iska. Kowa yana yin iskar, amma mai hanji mai saurin jin zafi ya fi jinta, irin masu fama da murɗa da kumburi, yau zawo gobe bayan gida ya ɗaure, kuma da sun shiga bayi sai su ji sauƙi. Wannan jin sauƙin bayan bayi babbar alama ce cewa hanji ne. Jiƙa wake a zubar da ruwan, ko a surfe shi a cire ɓawo kamar na alale, yana ragewa. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da abin da kika ji da ƙarfe nawa, ki cire abu ɗaya-ɗaya, kar ki cire goma lokaci guda ki wayi gari daga ke sai farar shinkafa.

In kuma abinci na sa ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan wani babi ne mai haɗari, asibiti za a nufa.

Shekara uku ana min maganin olsa, yanzu kuma an ce tsakuwa. Wanne zan kama?

Yana iya zama duka biyun, yana iya zama kuma ba olsar tun asali, don mu nan duk abin da ya yi ciwo a saman cibiya olsa ne, in ya haɗa da zazzaɓi kuma taifot. Ciwon tumbi ya fi zuwa da zafi ko raɗaɗi, yana da alaƙa da yunwa ko yaji, yana jin maganin olsa irin omefirazol. Ƙwayar H. pylori mai kawo gyambon ciki tana jikin mafi yawan manya a arewacin Najeriya, an nuna haka a Maiduguri tun farkon shekarun 1990, don haka ganinta a gwaji ma bai rufe magana ba. Inda za a kula sosai shi ne magani. Maganin ciwon nan diklofenak yana kwantar da ciwon tsakuwa ƙwarai, amma shi da ibufurofen su ne kan gaba wajen huda tumbin mai olsa, kar ka saya a kemis kana gwadawa. Baƙin bayan gida, aman jini, rama ba dalili, ko abinci na maƙalewa, waɗannan na neman a zura kyamara a leƙa tumbi.

Ɗana mai sikila ne, shekararsa 12, an ce yana da tsakuwa. Yaro ƙarami haka?

Maman yaro wannan ba baƙon abu ba ne a sikila. Jininsu na saurin mutuwa, bilirubin ya yi yawa, sai baƙar tsakuwa ta haɗu tun suna yara, ba ruwanta da ƙiba ko cin mai. Matsalar ita ce duk ciwon cikin da ya yi sai a ce ciwonsa ne ya tashi, idonsa kuma dama da ɗan ruwan ɗorawa, sai a daɗe ba a gano ba. In ciwon ya tsaya gefen dama, ko idon ya fi yadda kika saba gani, a yi sikanin. Aikinsu na son shiri na musamman, ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, don haka a asibitin da ke da likitocin jini ya kamata a yi.

Wani abu kuma da ya shafi kowa, allurar seftiriyazon da ake yawan yi in an ce taifot tana iya sa laka ta taru a matsarmama har ta fito a sikanin tamkar tsakuwa, kuma tana washewa da kanta bayan an daina. In an yi maka ita kwanan nan ka faɗa.

An ce man zaitun da lemun tsami na fitar da ita, na ga hoton korayen duwatsu a Facebook.

Na san hotunan. A 2005 wasu masana a Niyu Zilan suka karɓi irin korayen abubuwan nan daga wata mata suka auna, babu kolestarol babu bilirubin a ciki, man da ta sha ne ya haɗu da ruwan lemun da ruwan ciki ya dunƙule ya zama sabulu, har suka haɗa irinsa a ɗakin gwaji. Man zaitun a abinci ba laifi. Amma ɗirka rabin kofi a tashi ɗaya shi ne daidai abin da zai sa jakar ta matse da ƙarfin tsiya, kuma ƙananan tsakuwoyi su suka fi saurin faɗawa hanyar ɗaci su toshe ta.

Babu ƙwayar da ke narka ta?

Akwai wadda ake kira urso, amma ƙananan na kolestarol kawai take ci, a sha wata 6 zuwa shekara 2, kuma kusan rabin waɗanda ta narke musu tana dawowa cikin shekara 5. Baƙar ta sikila ko gezau.

Dole ne sai an yi aiki?

In ba ta taɓa yi maka ciwo ba, yawanci ƙyale ta ake yi, a shekara mutum 1 zuwa 4 cikin 100 ne take fara damu. In ciwon nan na gaskiya yana dawowa, ko ta taɓa kawo kumburin matsarmama, shawara ko kumburin pankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi mai taya narkar da abinci), to aiki ne maganin. Jakar gaba ɗaya ake cirewa, don in an kwashe tsakuwa aka bar ta sabuwa za ta yi. Wani likita Carl Langenbuch ne ya fara wannan aiki a Berlin a 1882, a 1985 kuma Erich Mühe a Jamus ɗin dai ya yi shi da kyamara ta 'yan ƙananan huji, kuma ana yin irinsa a wasu manyan asibitocin koyarwa na Najeriya, kwana ɗaya ko biyu an sallame ka. Haɗarin da aka fi tsoro shi ne a ji wa hanyar ɗaci rauni, bai kai 1 cikin 100 ba amma in ya faru babba ne, don haka ba aikin kowane asibitin lungu ba ne. Kafin ka sa hannu ka tambayi likita kai tsaye, cikin abubuwan da nake ji wanne ne aikin zai ɗauke, wanne ne zai bari.

Bayan an cire zan iya cin komai?

Yawancin mutane e. Hanta na ci gaba da aikinta, ruwan na gangarawa hanji kaɗan-kaɗan ba ajiya. Wasu suna samun zawo bayan cin maiƙo a makonnin farko, kaɗan daga ciki ya daɗe musu, kuma akwai garin magani mai kama ruwan ɗacin, kolestiramin, a gaya wa likita kar a yi ta shan Flagyl. Wanda madara ko wake ke damunsa kafin aiki, bayan aiki ma za su dame shi.

Kafin nan me zan ci, kuma zan iya azumi?

Dafaffe da gasasshe maimakon soyayye, a rage man da ke iyo a saman miya, a cire fatar kaza, a ci kaɗan-kaɗan, a bar cin mai nauyi dab da kwanciya. Kar a yanke mai ɗungurungum, jakar da ba ta matsewa ita ke tara laka, kuma kar a shiga yunwar rage ƙiba, zubar da fiye da kilo ɗaya da rabi a sati shi kansa yana haifar da sabuwar tsakuwa. Azumi kuwa da yawa suna yi lafiya. Inda ake samun matsala wajen buɗa baki ne, an wuni jakar ta cika taf sai a sauke mata ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai da farfesun kayan ciki a zama ɗaya. Dabino, ruwa, kunu, a yi sallah, sannan a ci a hankali, kuma kar a tsallake sahur. Wanda ciwon ke kamawa a kai a kai ya ji ta bakin likitansa kafin watan ya kama.

Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

Ciwon ya wuce awa 6 bai lafa ba, zazzaɓi da rawar sanyi, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu bayan gida ya yi fari-fari, amai ba tsayawa, ko ciwon ya huda ya fita ta baya. Shawarar da toshewa ta kawo jiƙo ba ya buɗe ta, kuma in ƙwayar cuta ta shiga hanyar da ta toshe cikin kwana ɗaya ko biyu mutum na iya fita hayyacinsa. Baba ko Inna mai suga ko hawan jini da ya ce ƙahon zucinsa na ciwo yana gumi yana haki, a fara duba zuciya tukuna.

Wani sikanin ya ce akwai, wani ya ce babu.

Ki tambayi kanki ko kin karya kafin na biyun. Ana so a yi awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, don in an ci jakar ta motse ba a ganin cikinta sosai. In an yi shi daidai yana kama kusan 95 cikin 100 na tsakuwar da ke cikin jakar, amma wadda ta gangara hanyar ɗaci tana yawan ɓuya, sai an haɗa da gwajin jini na hanta, wani lokaci da hoton MRI. Hoton ƙashi na gama-gari kuwa kaɗan yake nunawa, kar ki ɓata kuɗinki a kansa. Ki riƙe takardun biyu ki kai wa likita tare.